Kwalbar Jabel a Kan Katanga

Litinin, 14 ga Oktoba 2024

An kawo dammunan farko daga gonarmu ta hanyar Dungu. Gidan duk ƙamshin sabon hatsi. Baba bai tafi Kano ba tukuna, ina jin daɗin ganin takalminsa a bakin zaure.

Mutanen likita sun raba jabel, maganin tsabtace ruwan sha, gida-gida, saboda rijiyar unguwa ta gurɓace tun ruwan Agusta. A ɗiga kaɗan a randa, a jira, sannan a sha. Gwaggo Shekara, yayar Baba, ta karɓi namu. Duk wani magani a gidan nan a hannunta yake. Ta juye shi daga robarsa mai duhu zuwa kwalbar lemo garai-garai, ta ɗora kan katanga kusa da jiƙonta na saiwoyi. Ta ce maganin da bai sha rana ba ɗanye ne.

Laraba, 16 ga Oktoba

A lakkol, makarantarmu, darasin shimi, wato ilimin sinadarai, ya yi daɗi yau. Malaminmu Mushe Hamisu ya rubuta Cl, alamar sinadarin kulor, sau biyu a allo, ya ja layi tsakaninsu. Ya ce haka iskar kulor take, atom biyu sun yi tarayya a elektron biyu, tarayyar ce ke riƙe su. A cikin hasken rana akwai wanda ido ba ya gani, ultrabiyole, mai ƙarfin da ya isa ya tsinka layin. In ya tsinke, kowane atom ya tafi da elektron ɗaya, ba ya iya zama haka, sai ya cafki duk abin da ya tarar.

Ya goge layin da yatsa. Ban san dalili ba, sai na ji tausayinsu.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Kulor ne a cikin jabel. An rubuta a jikin robar, na karanta.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na kasa tambaya, ƙawata Amatullahi ta tambayar mini. Mushe ya ce kulor na jabel ba iska ba ne, ya haɗu da wasu abubuwa, amma shi ma haske na wargaza shi. A hankali ya koma kusan ruwan gishiri. "Don me kuke zaton ake zuba shi a robar da haske ba ya ratsawa?"

Na dawo na tarar da kwalbar tana ƙyalli a kan katanga. Na gaida Gwaggo na wuce ɗaki.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Firdausi, autarmu, tana gudawa tun jiya. Ba sosai ba, tana ma wasa. Gwaggo ta ce haƙori ne. Wataƙila haƙorin ne. Amma daga randar nan ake ba ta ruwa.

Na faɗa wa Inna muna tankaɗe. Ta ce, "Ni zan ce wa yayar babanku ba ta iya magani ba? Rufa mini asiri." Baba kuma dariya ya yi: "Yaya ce ta yi jinyata ina yaro, ga ni da raina."

Ni dai na tafasa wa Firdausi nata ruwan a ɓoye, kamar mai sata.

Talata, 22 ga Oktoba

Ruwan randa babu warin jabel ɗin nan ko kaɗan. Na sunsuna har Inna ta ce ko akuya na koma.

Amatullahi ta ba ni nasu jabel kaɗan a ƙaramar kwalba, na naɗe a ɗankwali. Nasu a ƙarƙashin gado yake.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na yi. Na nuna wa Gwaggo.

Bayan la'asar Gwaggo na kan tabarma tana ɓarzar gyaɗa. Na durƙusa da tsumman tsohon zanen Inna mai shuɗi. Duk abin da na shirya game da elektron ya gudu. Na ce kawai, "Gwaggo, don Allah ki duba mini wani abu." Na ɗiga na katanga a gefe ɗaya, na Amatullahi a ɗaya gefen.

Muka zuba wa tsumman ido. Gefen Amatullahi ya fara yin fari. Namu da ƙyar ya ɗan koɗe.

Ta ɗauki tsumman, ta juya, ta sunsuna kwalaben biyu. Ta ce, "To, likita, wa ya shanye namu?" Na ce rana. Ta ce, "Ranar da ke dafa mini jiƙo tun ba a haifi ubanki ba?" Na ce shi wannan hasken ba dafa shi yake ba, raba shi yake. Muryata ƙasa-ƙasa, sai da ta ce in ɗaga, ba gaisuwar mutuwa na zo ba.

Sannan ta ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce tun Juma'a.

Nan ne ta yi faɗa. Ba don na gyara mata ba. "Yarinya na zawo kina zaune da magana a baki? Kunyar me?"

Alhamis, 24 ga Oktoba

An karɓo sabo daga likita. Yana cikin robarsa, cikin tukunya, a bayan ƙofa. Jiƙon Gwaggo na nan kan katanga, ta ce shi dai ba ruwansa da bokona. Firdausi ta warware, ta cinye mini rabin ƙosai.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ashe Gwaggo ta koya wa rabin matan unguwa shanya jabel. Da safe ta yafa mayafi, ta miƙo mini tsumman: "Ni na ɓata, ke za ki gyara. Wuce gaba."

A gidan farko ita ta yi magana, ni ina ɗigawa. A na biyu ta tsaya gaisuwa ta bar ni da mata cike da tsakar gida. Matar Malam Iliyasu ta ce, "Wai Najaha ce? Ashe tana da murya!" Aka yi ta dariya. Ban mutu ba.

A gida na ƙarshe wata ta tambayi yadda haske zai raba abin da ido ba ya gani. Na ɗauki tsinke na zana mata Cl biyu a ƙasa, na yi bayani har sai da Gwaggo ta ja mini hijabi ta ce miyarta na kan wuta.

Ba wai na ji daɗi ba ne. Dole ce ta sa. Sai dai akwai gidajen bayan masallaci da ba mu shiga ba, kuma gobe babu lakkol.