Keken Inna Ba Zai Hau Babur Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku. Yaya ciwon bayan nan naki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau muke, in ban da ƙafata ta hagu, wadda za ki ji labarinta yanzu, don da hannunki dumu-dumu a ciki. Uwargida tana nan da ƙarfinta, har yau ita ke yanke hukunci a gidan nan, ni nawa sa hannu ne kawai. Jikarmu ta fara tafiya, ta riga ta ga bayan kofi biyu da tabarauna na karatu. Na zaɓi in rubuto ne saboda in na kira ki a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana, takarda kuwa ba a katse ta.

Maganar ɗanki ce, wannan da muka laƙaba wa Injiniya tun ranar da ya kwance rediyona ya kasa mayarwa. Da ya sayi ƙaton babur ɗin nan ya ce zai ɗauko matarsa Malama su zo miki hutun makaranta, tafiyar kwana biyu, na sa albarka. Shekara ashirin da shida na yi ina kai buhunan wasiƙa ƙauyuka a kan babur, ba ni zan hana yaro hanya ba. Abin da ban sani ba shi ne kin bi ta bayana kin ce ya ɗoro miki kan keken ɗinkin Inna, Allah ya jiƙanta, har da jan kunne wai kada Yaya ya ji, zai kafa wa'azi. To, Yaya ya ji, ga wa'azin kuma a rubuce.

Ranar Laraba da hantsi na fito tsakar gida na tarar da abin al'ajabi. Ya ɗaure akwatin kayansu a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan babur, ya ɗora keken a kan akwatin, can ƙarshe, har ya zarce tayar baya, ya aza bargo da jarkar ruwa a sama, ya nannaɗe duka da roba kamar mai ɗaure mahaukaci. Kin manta nauyin keken nan ne? Mu biyu muke cicciɓarsa muna yara. Babur ya zauna daɓas a kan bayansa kamar karen da ke jiran a jefa masa ƙashi, fitilar gaba tana kallon tsuntsaye. Na ce masa kaya mai nauyi ƙasa ake sa shi, kusa da tsakiya, a raba shi gefe biyu kamar mangalar jaki. Na ce in nauyi ya koma baya, tayar gaba ba ta kama ƙasa, kuma ita ce ke juya mutum, ita ce ke tsayar da shi. Na tambaye shi ko ya ƙara iska a taya, ko ya ɗaure shokozobar baya don nauyin mutum biyu. Sai yaron nan ya yi mini murmushin da ake yi wa mai gigin tsufa, wai Kawu wannan ba irin na gidan waya ba ne, wannan yana da ƙarfi, kuma shi ya kalli yadda ake yi a wayarsa. Na ce ko a wayar ya ga wanda ya goya keken ɗinki? Ya ce ai umarnin mahaifiyarsa ne. Kin ji inda kika jefa shi.

Nan na rantse 'yar mutane ba za ta hau wannan hasumiya ba sai an gwada da ni. Uwargida ta ce in zauna in kama girmana, na ce girman nan ne zan ɗora a kan babur ɗin. Na karɓi hular kwanon Malama na kifa, na matsa tsakanin bayan ɗanki da ƙarfen Inna, muka fita. Ba mu wuce shago uku ba kan babur ya fara rawa, hagu da dama, kamar tsohon da ke cewa a'a. Da ya ƙara wuta rawar ta ƙaru. A mahaɗar hanya ya taka birki a inda ya saba takawa, babur ya ce bai san zancen ba, sai da muka zarce da tsawon mota guda. Ina ganin fuskarsa ta madubi, murmushin nan ya tafi. Da a nan muka juyo, da yau ni ne sarkin gaskiya a gidan nan.

Amma akwai kwanar nan ta bayan rumfar mai faci, kuma tunda na ce zan faɗa miki komai, bari in faɗa. Auta, duk shekarun nan ban taɓa zama a bayan wani ba, kullum ni ne a gaba. Da na ga yaron ya makara wajen shiga kwanar, jikina bai yi shawara da ni ba, sai na kwanta masa tun shi bai kwanta ba. Nauyina da na keken suka haɗu, babur ya zube fiye da yadda yaron ya nufa. Na ji tsoro na miƙe zumbur, ya koma ɗaya gefen. Sai na yi abin da na shekara ina zagin fasinja a kai, na sauke ƙafa ƙasa. Allah ya taimake mu ana gini a wurin, muka nutse cikin tulin yashi, ni a ƙasa, babur a kan ƙafata, keken Inna ya tsinke roba ya wuce ta gefen kunnena ya kafe a yashi. Magina suka taso suka ɗaga mu, wani mai baki a cikinsu yana tambaya wai tashi muke yi ko korar mu aka yi. Likita ya ce targaɗe ne, ba karaya ba. Ɗanki kuwa ko ƙwarzane.

Yanzu ki ji abin da ya fi targaɗen ciwo. Muna dawowa gida aka zauna shari'a, Injiniya ya ce ni na kayar da mu, wai tuƙi nake yi daga baya. Uwargida ko tambaya ba ta yi ba ta ce ta yarda, wai ita shekara arba'in ke nan ana tuƙa ta daga baya. Ni! Ni da na hango abin tun daga tsakar gida! Na karɓi kashi ɗaya cikin uku na laifin, don ina tsoron Allah. Kashi ɗaya na wanda ya ɗaure kayan ne. Ragowar kuwa na wata ce da ke zaune can nesa tana ba da umarni ta waya.

Malama ce ta raba gardamar, ba tare da ta ɗaga murya ba. Washegari ta kwance komai, ta ajiye keken gefe, ta zo ta durƙusa ta ce Kawu a sake faɗa mata yadda na ce jiya. Ta rage kayansu rabi, ta sa masu nauyi a jakunkunan gefe tana ɗagawa da hannu har suka yi daidai, bargo kaɗai ta bari a sama. Ta tura mijinta wurin mai faci aka ƙara iska, bakanike ya ɗaure shokozoba. Aka kai mini kujera bakin hanya, suka bi kwanar nan sau uku ina kallo. Ta manne da bayansa, ta riƙe ƙugunsa, ƙafafunta ba su bar mataki ba, in ya kwanta ta kwanta, in ya tashi ta tashi, kamar buhun wasiƙa mai hankali. Yarinyar da ko keke ba ta iya ba! Na ce ta yi daidai, amma sai da na haɗiye girman kaina kafin in faɗa.

To, ki zauna ki yi tunani. Kin san gangarar nan mai tsawo da za su bi a rana ta biyu, inda manyan motoci ke saukowa suna warin birki, ga rami a gefe. Can babu tulin yashi, babu magina. Da rawar nan a can ta kama su, da wane baki za ki yi wa iyayen yarinyar nan bayani? Ki ce kin aike su ɗauko ƙarfe? Ke da rabonki da zare da allura tun kafin idonki ya fara neman tabarau! Na san abin da kike nema a jikin keken, ba ɗinki ba ne. Ƙarar nan ce da muke barcin rana da ita. Ni ma wani lokaci nakan juya hannunsa in babu kowa a ɗaki. Amma Inna da kanta, da za a tambaye ta, da sai ta jefa shi rijiya kafin ta bari ya bi jikanta gangara.

Za su taso ranar Asabar in rana ta fito, da yardar Allah. In sun iso kada ki yi masa faɗa, ya kare umarninki har sai da ya ci yashi. Keken kuwa lafiyarsa ƙalau, na share shi na sa masa mai. In kina so, ki zo ki ɗauka a mota da kanki, shekara bakwai ke nan ba ki taka gidan nan ba, ɗakinki yana nan. Kada ki yi gaggawa dai, don likita ya ce in riƙa ɗaga ƙafar sama, kuma duk gidan nan babu abin da ya yi daidai da tsayin da ake so sai keken. Yanzu haka a kansa take.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce ina yi masa sannu da haƙuri. Ki gai da Goggo Ƙarama, da 'yan biyunki, da maƙwabciyarki mai kaji da ta yi mini alheri wancan zuwan. Uwargida tana gaishe ki, ta ce in rubuta cewa ba ta goyon bayan kowa a cikinmu. Allah ya kawo miki su lafiya, ya maido mana su lafiya.

Takardar nan a aljihun Injiniya za ta zo. Ita kaɗai ce kayan da na yarda a ƙara wa babur ɗin.

Naki har kullum, duk da haka,
Yayanki mai ƙafa ɗaya da rabi.