Na Goge Kwamfutar Coci, Agogonta Ya Tsaya

Malam Sambo, don Allah ka taimake ni. Ban iya magana a gaban manya ba, shi ya sa na rubuto maka. Shekarata goma sha huɗu, bara na gama firamare. Ina zaune a Kafanchan da ƙanwar mamata, Anti Hellen. Ita ce sakatariyar cocinmu, ni kuma nake share mata ofis kowace safiya.

A ofishin akwai kwamfuta ta kan tebur. Zumuntar Mata sun ɗinka mata mayafi da ragowar atamfar ankonsu. A cikinta akwai waƙoƙin kakata, Kaka Tamar, guda arba'in da uku, duk a yarenmu. Kaka ba ta iya rubutu ba. Tana rerawa, Anti tana bugawa, har muryarta aka ɗauka. Ta rasu da damina. Ranar da Anti ta kunna mini muryar, Kaka ta yi tari a tsakiyar waƙa kamar yadda take yi a gida, sai da na waiga. Har yau ban gane yadda akwatin ƙarfe ke riƙe tarin mutum ba.

Makon jiya Kawu Yafet ya zo daga Kachia ya sa mata sabuwar manhaja, saboda ta yi nauyi wajen aiki. Ya mayar da waƙoƙin ciki, na ga Anti ta buɗe su da idona. Da zai tafi ya ja kunnenmu, ya ce kada a goge komai. Sai Anti ta tafi kwas na mako biyu a Manchok, ta bar mini makulli, ta ce in riƙa kunnawa ina koyon bugu. Ban taɓa kunna ta da hannuna ba sai lokacin.

Ranar Litinin na ɗauke mayafin, na danna maɓallin kunnawa. Kafin ta gama farkawa na sa tsumma ina goge kibod, domin an koya mini ba a barin datti a kan kayan ɗakin Ubangiji. Sai allon ya koma shuɗi, wani wuri ya bayyana da ban taɓa gani ba. Ga kwanan wata, ga agogo yana ƙirga sakan, ga wata lamba da nake jin zafin jikinta ne. Malam, kamar na leƙa cikin ƙirjinta. Ashe ta san ranar da muke ciki ko ba wanda ya gaya mata! Na tsaya ina kallo, tsumma a hannu. Agogon ya kai bakwai da minti arba'in da biyu, sai ya tsaya cak. Na danna duk abin da na sani, ko motsi. Na kashe daga soket.

Na ɗauka ƙura ce ta shiga. Washegari na wanke tsumman, na wanke hannuna, na yi addu'a, na kunna, na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ina gogewa tun daga layin sama. Shuɗin ya dawo, agogon ya sake tsayawa. Yau kwana huɗu ke nan. Akwai wani ɗan filash ja na Kawu, wanda ya kawo manhajar a ciki, a maƙale a bayanta, ban taɓa shi ba, don ina tsoron idan na zare sabuwar manhajar za ta biyo shi.

Jiya ne maganar Kawu ta dawo mini. Ya ce kada a goge, ni kuma kullum gogewa nake yi. Ƙarshen wata za a buga waƙoƙin don sujadar tunawa da Kaka, kuma babu su a wani wuri da na sani. Malam, muryar Kaka na goge? Ban gaya wa kowa ba.

Mai Sharar Ofis, Kafanchan

'Yata,

Kwantar da hankalinki. Gogewa iri biyu ce. Wadda kawunki ya hana ita ce a zaɓi abu a kan allo a umarci kwamfuta ta kawar da shi. Taki ta tsumma ce, kuma tsumma bai isa inda waƙoƙin suke ba.

Wurin da kika gani sunansa Bayos. Shi ne abin da yake fara farkawa idan an kunna kwamfuta, ya duba kayan cikinta, sannan ya miƙa wa manhaja aiki. Ana shigarsa ne idan an danna wani maɓalli a daidai lokacin farkawar, galibi F2 a layin sama ko Del. Tsummanki ne yake dannawa, kuma da kika ƙara tsafta sai kika ƙara tabbatar da shigar. Agogon nan wani ɗan batir mai kama da kwabo ne ke riƙe shi ko babu wuta. Kin yi daidai da kika yi mamaki. Mutane da yawa sun tsufa a gaban kwamfuta ba su taɓa leƙa wurin ba.

Sandarewar kuwa ba daga gare ki take ba. Da kika lura agogon ya tsaya, kin gaya mini abin da mai gyara zai fara tambaya. Na fi zargin filash ɗin nan, domin wasu kwamfutoci kan maƙale a Bayos idan akwai filash a jikinsu. Aikinsa ya ƙare tun ranar da aka sa manhajar, mantuwa kawunki ya yi.

Ga abin yi. Tana kashe, ki zare filash ɗin ki adana, in akwai firinta ki zare wayarta. Ki yi gugarki ki gama. Sannan ki kunna, ki mayar da hannuwanki baya, ki jira. Ina sa ran za ta wuce kai tsaye inda Anti take aiki. Idan shuɗin ya dawo da kansa, kada ki canja komai, ki danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Daga nan aikin Kawu ne. Zai cire ɗan batirin na minti biyar ko ya sake sabo, saitin ya koma yadda ya zo.

Inda kika yi kuskure biyu ne. Kashewa daga soket na iya lalata ajiya, ki daina. Na biyu, shirun kwana huɗu. Anti ta ba ki makulli don ta yarda da ke, saboda haka ki nemi waya ki kira ta yau, ko da wasiƙar nan za ki karanta mata. Manyan ma da nasu: waƙoƙi arba'in da uku ba a barinsu a akwati ɗaya. Ki roƙi Anti a kwafe su wuri biyu, ɗaya a gida.

Idan ta buɗe, fara da waƙar da Kaka ta yi tari a ciki. Allah ya sa albarka a hannuwanki, ya kai ku ranar sujadar lafiya.

Malam Sambo