Takardar da Baduku Ya Tarar a Layar Inna

Baba Rabe, don Allah ka taimake ni, kwana goma sha biyu ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Jaridarku a hannun alhazai muke samunta, ban ma san yaushe amsarka za ta iso Makka ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa.

A nan unguwar Utaibiyya ta Makka aka haife ni, direban motar alhazai ne ni a tashar Kudai. Mahaifiyata, Inna Ɗaso, tana 'yar shekara huɗu Malam Sabo ya taho da ita daga Zariya a ƙafa, ta Sudan, uwarta ta rasu a hanya. Shi ta sani uba. Har yau duk Juma'a sai ta yi ɗawafi ta ba shi ladan.

Akwai wata laya da ya rataya mata tun tana jaririya. Fatar ta ruɓe, na kai wa baduku ya sake ɗinkewa. Da ya farke, babu aya ko ɗaya a ciki, sai takarda da rubutun Nasara. Wani malamin makaranta da ya zo aikin Hajjin bana ya karanta mini. Wai wani Maikel Doran ne, mutumin Kilkeni a ƙasar Ailan, mai kula da leburori lokacin shimfiɗa dogo, ya rubuta a 1911 cewa yarinyar nan 'yarsa ce. Har da sunan ƙauyensu da na uwarsa.

Wallahi tun ranar ko a kan sitiyari nake sai in ta kallon bayan hannuna. Dama 'yan unguwa suna tsokanarmu da jar fata, muna cewa jinin Fulani ne. Ina so in san wane ne mutumin nan, ko ya bar dangi, ko ya taɓa waiwayo. Wani lokacin kuma in ce khalas, shi ke nan, in ƙone takardar in huta. Ga Inna kullum tana tambayar layarta, ta ce wuyanta ba daɗi, ni kuma ina ta ɗora wa baduku laifi. Ina tsoron in faɗa mata in raba ta da ubanta a tsufanta. In na yi shiru kuma na ci amanarta. Ta ina zan fara?

Mai Zullumi, Utaibiyya, Muharram 1386

Ɗana, ka fara da daina yi wa baduku ƙarya. Ka kwafe abin da ke takardar, ka mayar da ita ciki, a ɗinke, ka kai wa Inna kayanta. Ba taka ba ce balle ka ƙone.

Neman asali ba laifi ba ne, kuma da hanya. Ka sa malamin nan ya rubuta wa gidan ajiye tsofaffin takardun gwamnati a Kaduna, a duba sunayen ma'aikatan reluwe na shekarun. In sunan ya fito, a rubuta wa limamin cocin ƙauyen, don su ke riƙe da littafin haihuwa da aure. Takardun gwamnatin Ailan da yawa sun ƙone a yaƙinsu na 1922, sai ka yi haƙuri. Mai yiwuwa a amsa, mai yiwuwa a yi maka shiru. Ko an amsa, sunansa da kwanan wata kawai za ka samu, ba kaka ba.

Amma ka yi tunani. Malam Sabo malami ne, ya san bambancin aya da boko, kuma da hannunsa ya rataya mata. Da ya so ɓoyewa, wuta ba ta yi masa nisa ba. Ya ajiye mata gaskiyarta, sannan ya saɓa ta a kafaɗa har Ɗakin Allah. Babu takardar da za ta tsige shi daga uba.

Kada ka kai mata labarin da ba ta nema ba. In ta tambaye ka abin da aka gani, kada ka yi mata ƙarya. Kuma ka shirya, domin ya yiwu ta riga ka sani da shekara hamsin, kai take tausayi ta yi shiru.

Allah Ya kwantar maka da hankali, Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya jiƙan Malam Sabo.

Baba Rabe