Katin da Fiddausi Ta Zaɓa

Alhamis, 2 ga Afrilu, 2015

Barci ya ƙi zuwa. Yau na kai 'yata Fiddausi taron masu galahanga, wato yanayin da ke sa mu'amala da mutane ta yi wa mutum wuya, a unguwar Zamalek. A bakin ƙofa an jera katuna na maƙalawa a riga: kore na nufin a yi mini magana; ruwan ɗorawa, sai wanda na sani zai yi mini magana; ja, a ƙyale ni.

Na miƙa hannu zan ɗaukar mata kore, sai mai tsaron teburin, Bahaushiyar Sudan, ita ma mai galahanga, ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri Malam, bar ta ta zaɓa."

Na ce, "Ai ba ta magana. Likita ya ce nata mai tsanani ne."

Ta ce, "Mu nan muna cewa mai buƙatar taimako da yawa."

Ta durƙusa ta yi mata bayani a hankali. Fiddausi ta ɗauki ja. Ba wanda ya matsa mata, ta zauna ƙarƙashin wata tuta da masu taron suka ɗinka, ko kunne ba ta toshe ba kamar yadda ta saba yi cikin mutane. Can ta tashi da kanta ta sauya zuwa ruwan ɗorawa, ta zo ta kama hannuna.

Subhanallah! Shekara tara ina amsawa a madadinta. Ashe tana da amsa, ni ne ban taɓa tambayarta ba.