Abin da Auta Ya Jiƙa a Durom

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa zuwaga Yaya babba, da ɗiyarmu mai jego, da jaririn da banganiba amma ance duk kyauna ya kwaso, da surukinmu, da maƙwabtanku na dama dana hagu, da direban daya kawo takardan nan, da duk wanda yake leƙowa ta bayan kafaɗarki yana karantawa, kaima na gaisheka. Daga ƙaninki Auta, mai fenti ada, yanzu kuma Shugaban Manoman Saman Bene na duniya baki ɗaya.

Karkiji shiru kice ko lafiya, wayata ce ta ɗan tafi hutu shiyasa na ɗauki biro. Kiyi haƙuri da rubutun, kinsan ni da buroshi na saba.

Barkononki duk leda arba'in ɗin suna gaisheki. Amma Yaya nifa abinda kika barmun ya ɗaure mun kai. Ace shuka ba ƙasa ko cokali ɗaya, sai wannan zaren ɓawon kwakwa kamar cikin tsohuwar katifa? Abincin kuma wai murfi ɗaya daga jarka mai jan baki, murfi ɗaya daga mai shuɗin baki, a zuba a bokiti. Na ɗaga ruwan na duba a rana, fari tas, ko wari babu. Har ɗanɗanawa nayi. Wannan ai ƙarin ruwa ne irin na asibiti, ba abinci ba. Tausayin bayin Allahn nan ya kamani. Ni ko kaza aka bani riƙo sai ta kasa tafiya dan ƙiba.

Sannan na gano wata ɓarna da ke baki luraba. Duk abinda na zuba ta ƙasan leda yake tsiyayewa, ashe ramuka ne a gindin kowacce. Na ɗauko salatef ɗina na aiki na toshesu tsaf, kwana biyu ina durƙushe. Yanzu ko ɗigo baya fita. Kuma saman zaren nan kullum a bushe yake kamar leɓen mai zazzaɓi, shiyasa na maida ban ruwa sau uku a rana maimakon ɗayan da kika ce.

Akwai kuma wani sirri da nake haɗawa. Bazan faɗaba sai kin dawo kinga barkono kamar damtsena.

Naki har kullum,
Auta

* * *

Auta,

Na amsa gaisuwarka, mai jego ma ta amsa. Yaron lafiya lau, ita ce dai tun da aka yi mata aiki ba ta iya tashi sai an kama ta, shi ya sa har yanzu ban sa ranar dawowa ba.

Da na karanta takardarka sai da na nemi wuri na zauna. Kana ajiye wannan ka hau ka cire salatef ɗin nan. Ni na huda ramukan da hannuna. Zaren kwakwa ba ƙasa ba ne, yana riƙe ruwa a ciki ko da samansa ya bushe, kuma in ruwan bai sami hanyar fita ba saiwa ce ke ruɓewa. Na nuna maka, ka ce ka gane: ka ɗaga leda, in da nauyi ka bar ta, in ba nauyi ka ba ta ruwa da safe har ka ga ya fara ɗiga ta ƙasa. Abin da ka kira ƙarin ruwan asibiti shi ne abincinsu, kaɗan-kaɗan kullum, don zaren ba shi da komai a cikinsa. Shekara uku da shi nake ciyar da su ba su taɓa kai ƙara ba.

Wane sirri kake haɗawa? Me ya sami wayarka? Ka ba ni amsa dalla-dalla.

Ka san sai da na yi shekara ina roƙon Baba Mai Gida kafin ya ba ni makullin saman nan, kuma da sharaɗi biyu ya ba ni: kada wari, kada ruwa ya sauka kan kowa. Tun da baban yarana ya rasu, barkonon nan da mai gidan abinci ke karɓa duk mako shi ke riƙe da ni da yaran nan biyu da na taho da su. Ban ba ka makulli don ka fi kowa iya noma ba, na ba ka ne don kai nake da shi.

Ka gaida matarka.

Yayarka

* * *

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ya mai jiki, ya jariri? Allah Ya ba da lafiya, Ya raya. Ni ce maƙwabciyarki Tela ta ƙasanki. Kin san ba na shiga abin da ba a sa ni ba, amma wannan ya shigo mini har ɗaki.

Kwana goma ke nan muna jin wari a bene. Mun ɗauka ɓera ne ya mutu, har na ja keken ɗinki da durowa ina nema. Jiya da rana ina zaune bakin taga ina ɗinki, sai ga baƙin ruwa ya ɓarko daga bututun sama, ya fantsamo ta taga ya sauka kan farin yadin wata mata da na shimfiɗa zan yanka. Ashe ƙaninki ne ya cire salatef duka a lokaci ɗaya. Ban kai banɗaki ba, a kwandon tsummoki na yi amai.

Na ɗaure hanci da ɗankwali na hau. Aminiya, duron da kike tara ruwa a ciki shi ya cika da kashin kaji da ya roƙo a kasuwa, da hanjin kifi, da ruɓaɓɓen ƙwai, ya zuba ruwa ya rufe da buhu a tsakiyar rana. Da wannan yake shayar da barkononki. Tsutsotsi farare suna hawowa bakin durom suna faɗowa ƙasa suna bin siminti. Ƙudaje irin koren nan manya, in suka tashi sai ki ji kamar an kunna inji. Wayarsa ma tana ciki. Ya sunkuya yana motsawa da sandar fenti ta zame daga aljihun riga, shi da kansa ya kasa sa hannu.

Na same shi tsaye ya cusa auduga a hanci, yana ganina ya ce, “Tela, barka da zuwa masana'anta.” Na ce, “Allah Ya shirye ka, ƙaton banza.” Ya ce wai in jira in ga sakamako.

Sakamakon na gani. Ganye ya yi rawaya yana zuba. Na ja guda ɗaya ta fito ba gardama, saiwar ta yi baƙi tana yauƙi kamar majina.

Mai cikin nan ta hawa na biyu ta tattara ta koma gidan iyayenta, mijin ya kai ƙara. Baba Mai Gida ya taho, a rabin matakala ya tsaya da hankici a baki, ya ce a sauke komai a kawo masa makulli. Na durƙusa na ce ba da saninki ba ne, kina can kina jinya. Da ƙyar ya ce ranar Asabar zai hau da kansa, in hancinsa ya kama wani abu ko ya ga ƙuda ɗaya, ya sa sabon kwaɗo ke nan.

Maganar yadi ki bar ta, na san yadda zan yi da matar. Ki dai yi wa ƙaninki magana.

Taki,
Tela

* * *

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Naga Tela tana ba direba takarda tana hararata, nasan dani ake. Karki yarda da duk abinda ta rubuta, kinsan tela da ƙari, in kace kamu biyu sai yace uku. Tsutsar bata kai yadda zata faɗaba. Kuma wari ai alamar ƙarfi ne, kin taɓa ganin takin kirki mai ƙamshi?

Amma tsakanina dake Yaya, abin ya ɗan wuce yadda na tsara. Jiya na buɗe buhun wani abu ya kumbura a sama yayi fus ya fashe, sai da na zauna a ƙasa. Kwana uku ko ƙwai na gani a kanti sai na canza hanya. Barkonon kuma sun ɗan yi fushi, ganinsu nake kamar masu amai da gudawa. Nidai alheri na nufesu dashi.

Ki faɗamun me zanyi. Karki faɗa da ƙarfi.

Auta

* * *

Auta,

Ba ni da bakin doguwar gaisuwa. Ɗinkin yarinyar nan ya buɗe, ga zazzaɓi, mun koma asibiti. Ba zan iya tahowa kafin Asabar ba. Da zan iya, da ba takarda za ka gani ba.

Ka karanta wannan a gaban Tela, ta ji abin da na ce.

Durom ɗin nan za ka kwashe shi da bokiti, kai da kanka, ka sauka da shi ta matakala ka kai juji bayan kasuwa. Ba bututu ba, ba kwatar gida ba. Kada ka sa ɗan kowa. Ka wanke durom da siminti har sai Tela ta ce ya yi.

Duk ledar da ka ja shukar ta fito, ta mutu, ka haɗa da zaren ka kai juji. Wadda ta riƙe, ka ɗora ta cikin baho, ka zuba ruwan famfo a hankali ya ratsa ya fita, ka zubar, ka sake, har ruwan ya fito fari. Ruwan bahon ma juji za shi. Daga nan ka bar su kwana biyu ba ruwa ba abinci. Rana ta uku rabin murfi daga kowace jarka a bokiti cike. Rabin murfi na ce. In ka ji wata dabara ta zo maka, ka zauna har ta wuce.

Tun kana ƙarami nake dariyar shirmenka, ko an ce in daina ba na dainawa. Wannan karon ban yi dariya ba. Ƙaramar yaran nan jiya take tambayata ko barkononta na lungu ya yi ja, na ce mata ban sani ba. In aka sa wa saman nan kwaɗo, ban san me zan koma in yi ba, Auta.

Tela, Allah Ya saka miki. Ba ni da abin cewa.

Yayarka

* * *

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa ga kowa da kowa, Allah ya ba mai jiki lafiya. Ni ne Auta. Shugabancin na ajiye.

Na kwashe. Sawu hamsin da ɗaya, hawa huɗu, bokiti na fantsamo mun a ƙafa, mutanen bene suna rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya kamar an ce ga mahaukacin kare. Na ƙasan durom ɗin bazan rubuta mikiba dan kina asibiti. Sau huɗu na yi amai, ɗaya a cikin bokitin, nace to ai hanyarku ɗaya. Tela ta zauna a kujera da tsinken tsintsiya tana nuna mun lungu, nan, can, koma. Sau shida ta sa na wanke simintin nan.

Asabar Baba Mai Gida ya hau. Ya zaga kusurwa huɗu yana buɗe hanci, ya leƙa durom, ya durƙusa da tsufansa ya shinshina bakin bututu. Ya miƙe yace saman ya wanku, wari ɗaya ya rage. Nace ina Baba in wanke? Yace kai ne.

To ga hukunci. Saman naki ne, ba kwaɗo. Amma makulli yana hannun Tela har ki dawo, ni kuma in aka ganni na wuce matakala ta biyu to a bakin zamanki.

Leda tara suka rayu a arba'in. Nasan ba yawa. Naje gun mai gidan abinci dakaina na faɗa masa gaskiya ta taga, dan bai barni na shigaba, yace zai jiraki. Ki faɗa wa ƙaramar na lungu yana cikin taran, Tela tace har ya fidda sabon ganye biyu. Yaya nayi laifi. Wannan ba wasa a ciki.

Saura matsalata. Wanka bakwai nayi abin nan yaƙi fita. Mai aski yace in dawo wani watan. A bas kujera uku aka barmun ni kaɗai. Madam ta fito mun da tabarma baranda, abincima da sanda take turowa.

Dan Allah ki aiko mun da sabulu ta hannun direba, mai ƙarfin nan na asibiti tunda kina kusa, sanda biyu. Ki haɗa da ƴar takarda zuwa ga Madam kice ta barni na shiga ɗaki, maganarki kawai takeji.

Ƙaninki,
Auta