Aljihu Uku da Bencinan Surukina

Mai Shawara, don Allah ki taimake ni, kafin in rasa sana'a da mutunci a wata guda.

Ni kafinta ne, shekarata goma sha huɗu ina aiki, da ma'aikata biyar, har na sa an rubuta "kamfani" a ƙofar shago. Ban taɓa ajiye littafin lissafi ba, don ina da tsarina: aljihun dama na jari, na hagu na riba, na gaban riga kuwa na kafin alƙalamin da masu ba da aiki suke biya. Sai dai in na hagu ya bushe, yakan ranta a wurin na dama, na dama ya ranta a wurin na gaba. Ni ba na shiga tsakaninsu, tunda duk rigar ɗaya ce.

To, wata biyu da suka wuce, surukina, mahaifin matata, ya ba ni rabin kuɗin benci arba'in na makarantar da zai buɗe. Ko rasit bai nema ba, wai ni ɗansa ne. A cikin wancan makon injin yankan katako ya ƙone, mai shago ya zo karɓar haya, ƙanena ya zo da hawayensa. Sannan, in faɗa miki gaskiya, na sayi kujera mai juyawa irin ta manajoji. Ni kafinta, na sayi kujera!

Yanzu saura mako uku a buɗe makaranta, benci shida kawai na haɗa. Kullum surukina ya leƙo sai in ce katako yana shan iska. Matata kuwa sai yabona take yi a gidansu. Har telana na zarga, na zazzage aljihunan ina neman huji, ban samu ba. Aiki ba ya yanke mana, to ina kuɗin suke zuwa? Wallahi kunya ta ishe ni.

Kafinta Mai Aljihu Uku

Malam Kafinta, ka saki telanka, ba shi da laifi. Kai ma ba ɓarawo ba ne. Da ka raba kuɗi gida uku, ka fi 'yan kasuwa da yawa. Matsalar ita ce mai gadin aljihunan ba ya hana kowa shiga.

Kafin alƙalami ba naka ba ne, amana ce har ranar da ka miƙa aiki. Riba kuwa ita ce abin da ya rage bayan katako, ƙusa, albashi, haya da ajiyar gyaran inji, ba abin da hannunka ya taɓo ba. Ka buɗe wa shago asusunsa a banki, ka yanka wa kanka albashi, in ya ƙare ya ƙare. Ka sayi littafi, ka riƙa rubuta ko kuɗin manne ne. Ƙanenka kuma daga albashinka za ka tausaya masa.

A wannan makon ka sayar da kujerar, ka karɓo ragowar kuɗinka a hannun waɗanda ka gama wa aiki, ka sayi katako.

Surukinka ya yi sakaci da bai nemi takarda ba, amma yarda ce ta sa, kuma iyayen yara shi za su tuhuma. Ka fara gaya wa matarka yau, gobe ka je ka durƙusa gabansa da takarda mai nuna benci nawa za ka kai kowane mako. Zai yi faɗa, ka jure. Ya ji daga bakinka yanzu ya fi ya gani da idonsa ranar da yara tamanin suka zauna a ƙasa.

Allah ya rufa asiri, ya sa albarka a sana'arka.