Na Goge Muryar Mahaifiyata Daga Kaset Ɗin Baba

Anti, don Allah ki taimake ni. Sati uku ke nan ina yi wa mahaifina ƙarya, kuma dabara ta ƙare mini.

Ni mai gyaran waya ne. Umma ta rasu shekara shida da suka wuce. Kafin a haife ni Baba yana aiki a nesa, ita kuma ba ta iya rubutu ba, sai ta riƙa ɗaukar magana a kaset tana aika masa. Duk sun ɓace sai guda ɗaya, na minti talatin. Ba wata babbar magana ce a ciki ba. Rufin ɗaki yana yoyo, Yaya ta fara haƙori, maƙwabciya ta ari dutsen guga ta yi shiru. A tsakiya ta manta abin da za ta ce, ta yi ta dariya. Kullum da safe Baba zai sa shi a tsohuwar rikodarsa, ya zauna a bakin taga har ya ƙare, sannan ya karya kumallo.

Na lura muryar ta fara rawa, zaren yana tsufa, na ce bari in kwafe ta a kwamfuta. Rikodar ba ta da kafar fitar da sauti, Baba kuma ya rantse kaset ɗin ba zai shiga wata rikoda ba, don wata ta taɓa cinye masa zare. Sai na sayi ɗan allon da ke mayar da sauti dijital, mai kafar USB. Ranar da Yaya ta kai Baba wajen likitan ido, na kwance bayan rikodar, na huda gurbi, na liƙa wayoyi uku da dalma. Ban nemi izininsa ba, na so ya ga abin a gama.

Wajen gwaji rikodar tana kife, ina danna maɓallan da lalube. Ashe yatsana ya haɗa da jan maɓallin ɗauka. Da ban ji muryar Umma ba, na ɗauka wayoyin da na liƙa ne ba su kama ba, na yi ta taɓe-taɓe har minti goma sha ɗaya. Yanzu a tsakiyar kaset ɗin ba abin da ake ji sai ƙarar fanka da tsakina. Dariyar tana cikin abin da ya tafi. Abin da ya fi cin raina, kafar da na sa tana aiki lafiya lau, da ita na kwafe sauran.

Na tafi da rikodar har da kaset ɗin, na ce wa Baba bel ɗinta ne ya tsinke, ana neman irinsa. Har yau yana zama a bakin tagar a kan lokaci, hannuwa bisa gwiwa. Shekararsa saba'in da takwas, ga hawan jini. Na yi tunanin in haɗe farko da ƙarshe, amma ya haddace kowace kalma, leɓɓansa suna bin ta. Wani abokina ya ce akwai manhajar da ke kwaikwayon murya. Ko Yaya ban gaya wa ba. Jiya Baba ya ce in kawo masa kaset ɗin ko riƙewa ya yi. Ina zan sa kaina?

Daga wani ɗa mai nadama

AMSA

Ƙanena, Allah ya jiƙan Umma. Ba zan yaudare ka ba. Na tambayi mai gyaran rikoda, ya ce abin da aka ɗora wani sauti a kansa ya tafi. Ka daina nema.

Niyyarka mai kyau ce, kuma zaren nan ko ba kai ba wata rana zai tsinke. Amma kayan Baba ne, ka san yadda yake kaffa-kaffa da shi, ka taɓa a bayan idonsa. Kuskuren yatsa tsautsayi ne, ƙaryar sati uku kuwa zaɓinka ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ka manta da manhajar nan. Mutumin da ya haddace numfashin matarsa zai gane, kuma ranar zai rasa har yardar da ya yi maka.

Yau ka ɓalle ɗan kunnen da ke saman kaset ɗin don kada a sake ɗaukar komai a kai, ka ajiye minti goma sha taran nan a wuri uku. Ka gaya wa yayarka, ku same shi tare bayan ya ci abinci ya sha maganinsa. Ka faɗi abin da ka yi a taƙaice, ba kare kai. Ka mayar masa da rikodarsa da kaset ɗinsa.

Zai iya daina yi maka magana, wata ɗaya ko fiye. Zai iya ƙin sake kunna shi. Ba ni da maganin wannan, kuma ba ka da ikon gaggauta masa. Ka ci gaba da zuwa gaishe shi kullum, ko bai amsa ba. Idan wata rana ya sauko, ka roƙe shi ya faɗa maka abin da Umma ta ce a wurin da ka goge, don a kansa kaɗai ya rage. Idan bai sauko ba, ka haƙura, ka ɗauki nauyin abin da ka yi.

Allah ya sanyaya zuciyar Baba, ya ba ka ƙarfin buɗe baki.